Shekarar da Panya Ta Sauka a Bakin Falgore

Da batirin tocila na fara sana'a, a bayan keke, ina bin kasuwannin Kiru da Dangora da Ƙofa. Daga nan na shiga rediyo, daga rediyo na shiga rakoda. Zuwa ƙarshen shekarun tamanin na kama shago a bakin titin Tudun Wada, ina sayar da ƙaramar talabijin mai baƙi da fari, irin wadda take aiki da batirin mota. Tun ina kan keke nake da ƙa'ida ɗaya. Abin da na ce kayana zai yi, in bai yi ba, ka dawo mini da shi, ba musu. Da wannan ƙa'idar na sauka daga keke na hau babur, kuma da ita nake ci har yau.

Akwai wani yanki da na daɗe ina hange, wato rugagen da ke bakin dajin Falgore ta wajen Doguwa. Mutanen suna kiwo suna noma, suna da hali, amma ba wanda ya taɓa kai musu talabijin. Su kuwa ba sa sayen sabon abu sai Arɗonsu ya saya. In ya saya ya riƙe, kowa ya bi. In ya mayar, an gama. Na ga hakan da idona. Wani ya taɓa sayar masa da famfon feshi mai yoyo. Ranar kasuwa Arɗo ya zo da famfon, ya ajiye a gaban rumfar mutumin, ya gaishe shi doguwar gaisuwa har da tambayar iyali da gajiya, ya juya ya tafi. Bai ce komai a kan famfon ba. Mutumin bai ƙara sayar da ko allura a wannan yanki ba.

To wannan Arɗon ne ya shigo shagona wata rana, dogon dattijo siriri, da malfa da sanda. Kaɗo yake ce mini, yadda Fulani suke tsokanar Bahaushe, ni kuma Baffa nake ce masa. Ya ce shekara da shekaru yana jin mai karanta labarai a rediyo bai taɓa ganin fuskarsa ba, shi kuwa ko ɗan maraƙi ba ya yarda da shi sai ya gan shi tsaye.

"Kaɗo, wannan akwatin zai nuna mini Kano?"

"Zai nuna maka Kano, Baffa."

A Tudun Wada tana nunawa tas, kuma na yi lissafin cewa in aka ɗaga eriya sama sosai za ta tsallake duwatsun da ke tsakani. Na ɗaure akwati da batir a bayan babur, na bi hanyar daji.

Lokacin ƙarshen bazara ne. Ana zafi mai nauyi, hadari yana haɗowa yana watsewa, shamuwa ta riga ta sauka a kan kukar da ke bakin ruga. Muka haɗa gora biyu muka ɗaura eriya a kai, 'ya'yan Arɗo, manyan magidanta, suka ɗaga ta suka ɗaure a jikin tsamiya. A wancan zamanin sai bayan la'asar tashar Kano take buɗewa, saboda haka muka yi salla, aka shimfiɗa tabarmi, ruga duka ta zauna. Na kunna. Babu komai sai farin tsaki yana tafasa a gilashi, akwatin yana shuu. Na juya gora gabas, na juya ta yamma, na hau tsamiya na sauko. Matar Arɗo, wadda kowa ke ce wa Inna, ta ce ai ita ma tana ganin irin wannan a faifai in tana bakace, kuma nata ana tuwo da shi. Aka yi ta dariya. Arɗo bai yi ba.

Na ce masa duwatsun sun fi ƙarfin gorar, amma akwai wata 'yar na'ura a Kano da ake ɗaurawa a wuyan eriya ta ƙara mata ji, busta ake ce mata. Na roƙi ya riƙe akwatin har in kawo ta. Ya ce ya ji. Na hau babur ina tuna mai famfon feshi.

Ban kai ga tafiya Kano ba sai ga saƙo, wai Arɗo ya ce in zo yanzu. Na ce shi ke nan, haƙurinsa ya ƙare. Tun daga nesa na hango kekuna da jakuna a gindin tsamiya, mutanen wasu rugage sun cika wurin, ana ta ƙyaƙyata dariya. Na kutsa na leƙa. Ga hoto nan tangaran. Wani Bature ne da 'yar hula da sanda da kare, bayansa tumaki sun cika hanya maƙil, wasu da ƙararrawa a wuya, suna ratsa tsakiyar wani gari mai benaye, motoci sun tsaya suna jiransu. Wata murya tana ta zuba da sauri. Ba Turanci ba ne, ba Larabci ba ne, kuma ba Faransanci ba ne, don na san amonsa a rediyon Nijar. Ashe ɗaya daga cikin 'ya'yan Arɗo ne ya gaji da kallon tsaki, ya yi ta murɗa makunnin har ya kai lamba ta can ƙasa, sai waɗannan Turawan suka faɗo.

Arɗo ya dube ni ba ko murmushi, ya ce, "Kaɗo, Kano ta canja."

Na ce masa wannan ba Kano ba ce, kuma ban san ko ina ne ba. Ya ce shi ma ya sani, ya je Kano, ba inda mota take tsaya wa tunkiya. Sannan ya matsa mini wuri a kan tabarmarsa. Muna cikin kallo hoton ya fara lilo, ya dusashe, ya dawo, ya sake tafiya, tsaki ya rufe shi. Suka ce haka yake yi. Wata rana ya daɗe, wata rana ya leƙo ya gudu, wata rana ko leƙowa ba ya yi.

Ina da wani kawu a Bebeji, ƙanen mahaifiyata, wanda da ƙuruciyarsa ya yi fatauci har wani tsibiri can bayan Kalaba da ake ce wa Panya. Kullum yana ba mu labarin Turawan can da gonakin koko, mu kuma muna ɗauka rabi ƙari ne. Na ɗauko shi a babur. Yana jin muryar ya cire hula ya mayar, ya ce wallahi harshen Turawan Panya ne, Sifaniyanci. Ya ce daga ganin garuruwan ba tsibirin ba ne, ƙasar Turawan ce ta asali, Sifen, kuma wannan gidan talabijin ɗin gwamnatinsu ne, don ga tutarsu da sarkinsu ana nunawa in za a karanta labarai. Ba wanda ya damu da bambancin. Daga ranar sunan tashar Panya.

Aka naɗa kawu tafinta, aka ba shi buzu da ƙwaryar kindirmo. Gaskiyar magana, abin da ya rage masa na harshen bai wuce gaisuwa da ƙirga da zagi da kalmar "gobe" ba. Amma bai taɓa yin shiru ba. In mai labarai ya yi dogon bayani, sai kawu ya gyara zama ya ce, cewa yake yi gwamnati za ta gyara, amma sai gobe. Mutane su ce ai ko a nan haka ne. Akwai wata mata da ke fitowa gaban taswira tana manna 'yan hotunan rana da gajimare. Kawu ya ce ruwa take rabawa. Nan take wani dattijo ya ce a tambaye ta namu, masara ta fara lanƙwasa. Kawu ya kara kunne a jikin akwatin, ya daɗe, ya ce ta ce gobe. Washegari kuwa aka kwana ana ruwa. Ƙimar kawu ta hau har ni kaina na fara shakkar ko yana jin harshen.

Abin da na lura da shi, ni da idon ɗan kasuwa, shi ne tashar ba ta cika talla ba, kuma ba ta raina mutanen ƙauyenta. Tana da shirin yara masu 'yan tsana, da shirin girki, da wani shiri da ake bin manoma da makiyaya har gonakinsu a zauna a saurare su. Wannan shirin shi ya kama ruga. In ya zo ba a bukatar kawu. Suna ganin saniya sun san ta kusa haihuwa, suna ganin tafiyar makiyayi sun san ya kwana bai yi barci ba. Abin da ya dame su shi ne shanun Panya ba su da tozo. Arɗo ya ce bayansu a shafe kamar benci, ya rasa inda suke ajiye ƙarfinsu. Inna kuwa hantsar ta tsaya kallo. Da aka nuna ana tatsa da injin mai bututu, ta riƙe baki ta ce wannan ba tatsa ba ce, fashi ne, saniya ko sunanta ba a kira ba. Amma da aka nuna wata tsohuwa tana matse madara a ƙyalle tana yin cuku, Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Bayan 'yan kwanaki ta ba ni wani farin dunƙule a ganye in ɗanɗana. Na ci don ina neman kasuwa. Ta tambaye ni, na ce gishiri ya yi yawa, ta ce ai kaɗo bai san madara ba.

Sai kuma ranar hawan ƙaho. Haka suka sa masa suna, don ya yi kama da wasan da mahautanmu suke yi da bijimi. Fili ne zagayayye cike da mutane, aka saki wani baƙin sa mai faɗin ƙirji, ga wani siririn mutum cikin matsattsun kaya masu ƙyalli yana kaɗa masa mayafi. Ruga duka ta koma bayan san. In ya kawo suka mutumin ya goce, sai ka ji an yi tsaki gaba ɗaya. Arɗo, wanda ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba, ya miƙe tsaye da sandarsa yana yi wa san magana da Fulatanci, yana gaya masa ya bar mayafin ya nemi mai mayafin. Kamar ya ji. Ya sunkuya ya ɗebi mutumin ta wando ya watsa shi sama, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Matan suka rangaɗa guɗa, wani ya faɗa kan batir har waya ta cire, aka yi ta lalube ana mayarwa. Ni kaina na tsinci kaina ina rungume da wani mutumin da ban sani ba.

Daga baya muka ga yadda wasan yake ƙarewa, da takobi ake soke san. Guɗa ta ɗauke. Arɗo ya tambayi kawu ko suna yin bisimilla, kawu ya ce bai ji ba. Tun daga ranar, da mutumin ya karɓi takobi sai Inna ta tashi ta kifa faifai a fuskar akwatin, a yi hira har a wuce wurin.

Duk wannan daɗin bai sa na manta ba cewa Kano na ce, kuma ba a ga Kano ba. Damina ta zauna sosai lokacin da na samu na je na sayo busta. Na hau tsamiya na ɗaura. Bayan la'asar na murɗa lambar Kano, sai ga mai karanta labarai da babbar riga da hula, yana Hausa. Na sauke ajiyar zuciya. Arɗo ya ƙura masa ido ya ce ya ɗauka ya fi haka jiki. Aka saurara cikin ladabi har ya gama. Sannan Arɗo ya ce to, a mayar Panya.

Na murɗa ƙasa. Tsaki. Aka ce ai dama tana yin haka, a jira gobe. Gobe ta zo, jibi ta zo, mako ya wuce, babu Panya. Ruga ta yanke hukunci cewa 'yar na'urar da na ɗaura ce ta kore su. Na hau na cire, ba su dawo ba, Kano ma ta tafi. Na mayar. Kawu ya zauna a kan buzunsa ba aikin yi, kindirmon ma ya fara raguwa, ya ce in mayar da shi Bebeji.

Na koma Kano wajen wani tsohon mai gyara da nake sayen kaya a hannunsa. Ya yi dariya ya ce ba ni ne farau ba. Ya ce in zafi ya haɗu da farkon damina, sama takan ɗauko tashoshin ƙasashe masu nisa ta yar a inda ta ga dama, musamman inda babu tasha kusa da za ta danne su. In damina ta yi nisa sai abin ya ɗauke. Na ce zai dawo? Ya ce yakan dawo, amma shi ba zai rantse ba.

A hanyar komawa na yi ta juya abin. Zan iya ce wa Arɗo wata na'urar ce ta rage, in yi ta jan sa. Zan iya cewa na cika alkawari, ga Kano, sauran ba ruwana. Na farkon ƙarya ne, na biyun kuma gaskiya ce da ba za ta hana shi ajiye mini akwati a gaban shago ba. Na same shi a bakin garke da safe ana tatsa. Bayan mun gaisa na tsuguna na ce:

"Baffa, mutanen nan ba ni na kawo su ba, ba ni na kore su ba, kuma ba ni da ikon dawo da su. Kano na yi maka alkawari, ga ta nan. In Panya kake so, ba na sayar da ita. Mai gyara ya ce lokaci ne yake kawo ta, farkon damina, amma bai rantse ba, ni ma ba zan rantse ba."

Ya juya wajen shanunsa. Ya tambaye ni yaushe suka fara zuwa, na ce lokacin da shamuwa ta sauka. Ya ce yaushe suka tafi, na ce da ciyawa ta kai gwiwa. Ya gyaɗa kai.

"To ai makiyaya ne, Kaɗo. Mun gan su da idonmu a kan hanya da tumakinsu. Sun ci abin da za su ci a nan, sun tashi. Wa ya taɓa ɗaure makiyayi?" Ya juyo ya dube ni. "Zan riƙe akwatinka har shamuwa ta dawo. In sun dawo tare da ita, kai mai gaskiya ne. In ba su dawo ba, zan zo in gaishe ka ranar kasuwa."

Na so in ce masa gaskiyata ba ta rataya a kan shamuwa ba, amma na ga ba a nan ribar take ba. Na ce na yarda.

Shekarar nan ko eriya ban sayar ba a bakin Falgore. Kowa yana jiran Arɗo, Arɗo yana jiran tsuntsuwa. Suna kallon Kano, suna kawo batir caji, in na tambayi mutum ko zai sayi tasa sai ya ce tukuna. Na ci gaba da bin Kiru da Dangora kamar kullum. Amma ni da ban taɓa kula da tsuntsu ba sai in a miya yake, na zama ba na wuce kuka ban ɗaga kai ba. Matata ta ce in na ci gaba haka wata rana zan faɗa rijiya.

Da bazara ta juyo, wata safiya na ga shamuwa a kan kukar bayan tasha. Na rufe shago na tafi. Aka murɗa ƙasa bayan la'asar, tsaki. Na koma, na sake zuwa, tsaki. Gaisuwar Arɗo ta fara tsawo, har yana tambayar lafiyar babur. Inna ta ce kada in damu, in kasuwa ta ƙi tana neman mai ɗaukar mata ƙwarya.

Ranar da abin ya faru an yi wani zafi mai liƙe riga, hadari ya tsaya a gabas ya ƙi tasowa. Mun zauna gaban tsaki kamar masu zaman makoki. Sai shuu ɗin ya fara sauya amo, wata murya tana nutsewa tana tasowa a ciki. Wasu layuka suka gilma. Sai ga matar nan mai taswira, da 'yar ranarta a hannu, ta canja gyaran gashi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Inna ta yi guɗa ta ce wa matar sannu da hanya, ina kika baro mutanen. Aka aika rugage, kafin a jima kekuna sun cika gindin tsamiya. Da shirin makiyaya ya zo Arɗo ya matsa ya duba shanun ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun yi ƙiba, inda suka je akwai ciyawa. Sannan ya ce a je Bebeji a ɗauko tafinta.

Ranar kasuwa Arɗo ya zo shagona. Na ga yana ɗauke da abu a cikin buhu, na ce akwatina ne ya dawo. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya gaishe ni gajeriyar gaisuwa, ya ce batir ne, a cika masa shi da kyau, baƙi sun sauka. Bayansa magidanta ne a jere, kowa yana son akwati irin na Arɗo, da gora biyu, da busta.

Kafin in ɗaure wa kowa nasa sai na tsayar da shi a gaban shaidu na faɗa masa: Kano tawa ce, in ba ta fito ba ka dawo mini da kayana. Panya kuwa baƙuwa ce, in ta zo ka yi mata shimfiɗa, in ta tashi kada ka zo shagona nemanta. Duk suka ce sun ji. Da ciyawa ta kai gwiwa sai ga biyu daga cikinsu sun zo nemanta, na tura su wajen Arɗo.